Wadda Ta Wanke Mahaifiyata

Bayan an cire mini nonon hagu na ɗauka ni da sankara mun rabu ke nan. Na koma koyarwa a Dutsin-Ma, babbar damuwata telan da ya kasa daidaita mini riga. Sai likitata ta ce akwai irin da ake gado. In nawa shi ne, yana iya dawowa ta ɗaya nonon ko ta ƙwan mahaifa, kuma ɗiyata budurwa ma ba ta tsira ba. Kafin a yi maganar gwajin jini, ta tambaye ni abin da ya kashe mahaifiyata.

"Ciwon ajali," na ce.

Ta dube ni, na dube ta. Abin da aka gaya mini ke nan tun ina ƙarama, ban taɓa jin amsar ta gaza ba sai ranar.

Mutum ɗaya ta rage da ta sani: Inna, ƙanwar mahaifiyata, don ita ta yi mata wankan gawa. Na ɗauki ɗiyata muka sauka Kurfi, muka hau babur zuwa Barkiya. Muka iske ta tana ɓarar gyaɗa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na fito fili.

"Ke da karatunki," in ji ta, "ba ki san abin da mai wanka ta gani amana ba ne? Da shi za a rufe ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, ta mutu fa. Mu ne da rai."

"Shi ya sa ba ta iya yafe mani in na faɗa."

Na rasa wa zan ba gaskiya, don ni ma in na mutu ba na son a yi hira da tabon ƙirjina.

Can ta ce, "Wanne aka cire maki?"

"Na hagu."

Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar. Da za mu tafi ta riƙe wuyan hannun ɗiyata, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ki kai ta a duba ta. Kada ki jira damina ta wuce."

"Amsar ke nan, Inna?"

"Ni ban ce komai ba."

A kan babur na rungumo yarinyar ta baya kamar yadda nake yi tun tana ƙarama. Sai na ji inda hannuna ya sauka: a kan ƙirjinta. Na kasa ɗauke shi har muka isa Kurfi.