Dakta Kashim Ba'ana, Mai Katangar Dutse a Ajilari

Haihuwa da Asali

An haifi Dakta Kashim Ba'ana a shekarar 1952 a birnin Yerwa, wato Maiduguri. Mahaifinsa, Malam Ba'ana, mahaƙin rijiya ne. Mahaifiyarsa kuwa, Ya Gumsu, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa a gida. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa bakin aiki, yana jan guga cike da ƙasar da ake haƙowa, kuma duk zurfin rijiya abin da gugan ke fitarwa bai wuce yashi da laka ba, domin Allah bai ajiye dutse a ƙasar Yerwa ba. In ban da dutsen niƙa na mahaifiyarsa, wanda fatake suka kawo daga kudu, bai san wani dutse ba har ya girma.

Neman Ilimi

Ya fara da karatun allo a wajen limamin unguwarsu, sannan aka sa shi firamare a shekarar 1959, ya shiga sakandare a 1966. A shekarar 1971 ya hau jirgin ƙasa zuwa Zariya domin karatun jami'a da niyyar zama likita. A wannan tafiya ce, bayan sun shiga ƙasar Bauchi, ya fara ganin duwatsu tsaye a fili, wani bisa wani, kuma an ruwaito cewa bai bar bakin taga ba har suka wuce su. Da ya isa Zariya sai ya sauya fanni, ya koma sashen ilimin duwatsu. Mahaifinsa bai hana shi ba. Abin da kawai ya faɗa shi ne ashe dai haƙa ce ta bi shi har makaranta.

Ya kammala digiri na farko a 1975. A 1977 ya tafi Ingila, inda ya yi digiri na biyu da na uku a kan dutsen farar ƙasa mai tsaga. Wannan dutse, a wasu ƙasashen, shi ne ma'ajiyar ɗanyen mai a ƙarƙashin ƙasa, kuma man yakan bi tsagogin da ke jikinsa ne, ta yadda rijiyar da ta dace da tsaga za ta yi ambaliya, wadda aka haƙa kusa da ita kuwa ta fito a bushe. Tun da ba a iya shiga ƙarƙashin ƙasa a duba, sai a nemi inda irin dutsen ya fito fili a koyi halinsa a can. A gaɓar teku ya yi wannan karatu, cikin sanyi da yayyafi, yana auna tsaga kafin ruwa ya dawo ya rufe ta.

Aiki a Waje da Dawowa Gida

Daga 1982 zuwa 1989 ya yi aiki da wani kamfanin mai a ƙasar Oman, yana kai ma'aikata cikin tsaunuka yana nuna musu a fili abin da na'urorinsu ke zana musu a ofis. A 1989 ya ajiye wannan aiki ya dawo Maiduguri ya kama koyarwa a jami'a, a lokacin da ake ta maganar neman mai a yankin Tafkin Chadi. Abokan aikinsa na Oman sun yi mamakin mai ilimin dutse da zai koma garin da babu dutse.

Aure da Iyali

A shekarar 1983, yana hutun aiki, ya auri Hajiya Kaltum, malamar firamare, 'yar wani ɗan kasuwa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1994 suka gina gida a Ajilari, lokacin unguwar tana bakin gari, gonaki na bayanta, fili kuma yana da araha, har ya bar tsakar gida mai faɗi wadda Hajiya Kaltum ta yi niyyar dasa mangwaro a cikinta.

Shekarun Kwarin Jaule

Daga 1990, kowace shekara bayan ɗaukewar damina, Dakta Kashim yakan kwashi ɗaliban ajin ƙarshe a motar makaranta, su bi ta Damboa da Biyu su gangara ƙasar Gongola, zuwa wani kwari kusa da ƙauyen Jaule inda dutsen farar ƙasa ya fito fili, ga kuma wajen fasa dutse a gefensa. Sukan sauka a makarantar ƙauyen, su kwana a ajujuwa, matan gari su dafa musu tuwo da miyar kuka. Waɗanda suka yi waɗannan tafiye-tafiye har yau suna tuna ƙosan Damboa, da sanyin tudun Biyu, da tsohuwar motar da ba ta hawa tudu sai an sauka an tura.

Kayan aikinsa uku ne: guduma, da kamfas na auna inda tsaga ta fuskanta, da wata butar ƙarfe ta alwala da ya gada daga mahaifinsa. Bayan ɗalibai sun gama aune-aune, sai ya hau saman dutsen ya sa kowa ya je ya tsaya inda yake zaton ruwa zai ɓullo, sannan ya tsiyaye butar a bakin tsaga guda. Wanda ruwa ya jiƙa wa takalmi shi ya ci. Galibi babu mai ci. A shekarar 2003 wata ɗaliba, Edith, 'yar ƙasar Biyu, ta dace da wurin, sai ya ce da samarin ajin, “Ku dube ku, kun jeru kamar masu jiran mota. Ruwa ya zo ya wuce ta bayanku.”

A waɗannan shekaru ne ya kafa ƙa'idar da aka san shi da ita: ba ya sa hannu ya shaida cewa ɗalibi ya kammala horon fili sai ɗalibin ya taɓa wannan dutse da hannunsa, ya auna tsagarsa, ya ga inda ruwa ya bi. Ba tare da sa hannunsa ba kuwa babu mai karɓar sakamako a wannan fanni.

Rufewar Hanya

Fitinar da ta taso a 2009 ta fara rage tafiyar, sannan ta yanke ta. Tafiyar ƙarshe ita ce ta 2012. Daga nan hanyar Damboa ta zama ba ta biyuwa, hukumar makaranta ta dakatar da fita da ɗalibai bayan gari, shi ma bai yi jayayya ba, domin ya ce ba zai kai ɗan kowa inda ba zai iya dawo da shi ba. Amma ƙa'idarsa tana nan. Saboda haka ɗaliban da ya kamata su fita a 2014 suka gama kowane darasi suka tsaya cik, sakamakonsu na jiran sa hannun mutum ɗaya.

Daga cikinsu akwai Uwais, ɗan wani maɗinki Bakano mazaunin unguwar Dala ta Maiduguri, wanda wani kamfani ya yi wa alkawarin aiki da sharaɗin ya kawo shaidar kammalawa. Iyaye sun yi ta zuwa Ajilari suna roƙo, abokan aiki suka ba da shawarar a nuna wa yaran hotuna a wuce wajen. Shi kuwa Uwais da kansa ya same shi a ƙofar gida.

“Malam, dutsen nan ba inda za shi. Aikina ne zai tafi.”

“Na sani, Uwaisu. Amma in na sa hannu yau, gobe kai za ka nuna wa mutane inda za su haƙa. Me ka gani da za ka nuna?”

“To Malam, mu zauna har yaƙi ya ƙare?”

“A'a. Ku ba za ku je ba. Shi zai zo.”

Ginin Katanga

A lokacin Edith tana aiki a wajen fasa dutsen da ke gefen Kwarin Jaule, motocin siminti kuma suna shigowa Maiduguri ta doguwar hanyar Damaturu. Dakta Kashim ya shirya da wani direba, Nasidi, mai sauke kaya a Kasuwar Kwastam, cewa duk zuwan da zai yi ya ɗoro masa 'yan duwatsu a bayan buhuna. Lodin farko ya iso a ƙarshen 2014, amma leburori ne suka tsinto shi a ranar da Edith ba ta nan, babu alama a jikin ko ɗaya. Dakta ya duba ya ce dutsen da ba a san yadda yake kwance a mazauninsa ba, ina arewarsa, ina samansa, ba ya koyar da komai. Nasidi, wanda ya sha tambayoyi a kowane shingen sojoji a kan abin da zai yi da duwatsu, ya ce, “Baba, yanzu dutsen ma sai ya san alƙibla?” Aka zuba wannan lodi a kwatamin layin, maƙwabta suka samu abin takawa da damina.

Daga nan Edith ta riƙa tsayawa da kanta. An yanko duwatsun daga fuska guda ta kwarin, ɗaya kusa da ɗaya, kowanne da kibiyar jan fenti mai nuna arewa. A tsakar gidan Ajilari, inda aka yi niyyar dasa mangwaro, ɗaliban da kansu suka jera su da kamfas, kowane dutse ya koma kusa da maƙwabcinsa na asali, tsaga ta haɗu da tsaga. A lokacin gidan cike yake da dangin Hajiya Kaltum da suka gudo daga garuruwansu, kuma ta sha faɗa masa a gabansu, “Alhaji, mutane suna tara gero, kai kana tara dutse. In an zo kora, ka ɗauki abinka a ka.” Duk da haka ita ce take hana a shanya barkono da wanki a kan katangar ranar da ɗalibai za su zo.

Aikin ya ci shekarar 2015 gaba ɗayanta, domin akwai watannin da mota ba ta shigowa. Alkawarin aikin Uwais ya wuce a cikin wannan jira, aka ba wani. Bai daina zuwa ba, amma ya daɗe ba ya yi wa Malam magana sai gaisuwa.

A farkon 2016 katangar ta kai tsayin mutum. Dakta ya toshe mahaɗar duwatsun da laka, ya gaya wa ɗaliban cewa waɗannan mahaɗai nasa ne, ba halittar Allah ba ne, kada su auna su. Suka auna sauran, ya tsiyaye butar, kusan rabinsu suka dace da inda ruwa ya fito, abin da bai taɓa faruwa a Jaule ba. Wannan bai faranta masa rai ba. Ya ce katanga ba ta da baya, shi kuwa dutse yana da abin da ya ɓoye. Ya sa musu hannu, da sharaɗin kowa ya yi alkawari da bakinsa cewa ranar da hanya ta buɗe zai je Jaule. Ajujuwa biyar suka fita ta wannan katanga, da wannan alkawari.

Ritaya da Rashin Lafiya

Ya yi ritaya a 2020. A shekarar da ta biyo baya ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, tafiya ta gagare shi, sai dai a fito da shi a kujera a ajiye a inuwar katanga. Uwais, wanda a ƙarshe ya samu koyarwa a sashen da ya yi karatu, shi ya karɓi darasin.

A watan Maris na 2022, da hanyar Damaturu ta yi sauƙi, Uwais ya tara waɗanda ya iya samu daga cikin masu alkawari, suka bi doguwar hanya zuwa Jaule, Edith ta tarbe su. Dakta ya ba shi butar. Sun tarar da gurbin duwatsunsu a fuskar kwarin, suka gane shi ba tare da an nuna musu ba. Da suka dawo, Uwais ya zo Ajilari ya durƙusa gaban kujerar.

“Ta ina ruwan ya fito?” in ji Dakta, ko gaisuwa bai bari an gama ba.

“Malam, babu wanda ya dace. Mun jeru a gaba, shi kuma ya zagaya ya ɓullo can gefe, ƙarƙashin wata ƙaya.”

“Har kai?”

“Ni na fi kowa nisa da shi.”

Iyalinsa sun shaida cewa tun da ciwon ya same shi ba su ji ya yi dariya ba sai ranar. Da ya gama ya ce, “To yanzu sa hannuna ya zama gaskiya.”

Rasuwa

Allah ya yi wa Dakta Kashim Ba'ana rasuwa ranar Talata, 14 ga watan Yuni na shekarar 2022, a gidansa da ke Ajilari, yana da shekara saba'in. An yi masa salla a ƙofar gidan bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Gwange. Da aka gama rufe kabarin aka nemi ruwan yayyafawa, sai Uwais ya miƙa butar ƙarfen. Aka tsiyaye ta. Tsofaffin ɗalibansa, bisa sabo, suka tsaya suna duban inda ruwan zai bi. Yashin Yerwa ya shanye shi nan take.

Ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Kaltum, da 'ya'ya huɗu: Yagana, likita a Kano, Sa'id, ɗan kasuwa a Maiduguri, Muhsinat, malamar sakandare, da Hashim, injiniyan haƙa rijiyoyin burtsatse. Katangar tana nan a tsakar gida, kuma Hajiya Kaltum ba ta yarda a taɓa ta ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwancinsa.