Ƙayar Kurungu a Ƙafar Kakana

Kakana masunci ne, kuma mai taurin kai. Da likita ya ce yana da ciwon suga, sai ya daina shan shayi a gaban mutane, ya koma sha a bayan rumbu.

Ina ƙaramar sakandare, wata damina da kogin Haɗeja ya malale fadama, kifin nan kurungu ya soke shi da ƙaya a dunduniya. Masuntan unguwarmu sun yi imani abin da kogi ya sara, kogi ke warkarwa. Don haka ya koma ya tsoma ƙafar cikin ruwan da ya kwanta a gindin ciyawar kacalla, ya shafa taɓo, ya ɗaure da tsumma.

Ni ke kai masa buta. Bebiya yake kirana, saboda ba na iya haɗa kalma biyu a gaban manya. Da la'asar na ga ya take bayan takalminsa na hagu, ƙafar ta ƙi shiga. Washegari da ya naɗe wando zai yi alwala, na ga ja ya haura idon sawu, ga wasu bororo baƙi-baƙi cike da ruwa. Rana tsaka, yana rawar sanyi.

"Bebiya, me kika gani?"

"Ba komai, Kaka."

"Yawwa. Shi ya sa duk jikokina na fi son ki."

Na daɗe tsaye bayan Iya, matarsa, tana bandar kifi, kafin maganar ta fito. Ta tashi ko hannu ba ta wanke ba.

"Malam, ɗaga wandon nan."

"Haba, a gaban jika?"

"Wannan sillen karan ne abin ɓoyewa? Ɗaga!"

Da ta gani, tsiyar ta tsaya. Babana ya ruga neman adaidaita.

A asibiti aka ce ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa ne suka bi ramin ƙayar, kuma jikin mai suga ba ya iya tare su. Da an ƙara jinkiri, ƙafar za a yanke. Suka yanke naman da ya ruɓe, suka yi ta ƙarin ruwa da allurai.

Da ƙafarsa ya dawo gida, amma an hana shi shiga ruwa har abada. Yanzu a gaɓa yake zama yana ɗinkin raga, yana yi wa babana ihu wai har yau bai iya jefa ragar birgi ba.