Yakuwa a Cocin Jamusawa

Kaka muke ce wa tsohuwar da ke zaune a ƙasan benenmu a Stratford. Baturiya ce 'yar Katolika, jikar Jamusawa. Lokacin da na zo Landan da goyo, maigida kullum yana wurin aiki, ita ta riƙa riƙe min yara, ita ta koya min shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da na ɓata ba. Ban taɓa saka mata da wani abin kirki ba, kuma abin yana damuna.

Labarinta ɗaya ne, na ji shi har na haddace: cocin ƙauyensu, can bayan gari. Kakanninta noman kayan lambu ya kawo su daga Jamus. Da suka rasa wurin ibada irin nasu, sai suka gina da hannunsu, kullum in an tashi daga gona. Da yaƙi ya zo aka kwashe mazan aka tsare, 'yan gari suka farfasa tagogin. Matan suka toshe da katako, suka ci gaba da zuwa abinsu. Kowace shekara kuma, a tsakiyar Agusta, ranar bikin Maryamu, kowace mace kan zo da damin ganyaye da furannin daji, da karansu, fada, limamin cocin, ya sa musu albarka, a kai gida a rataye.

Sai aka ce za a rufe cocin, masu zuwa sun ƙare, bikin bana shi ne na ƙarshe. Ga Kaka ƙafa ta ƙi, ba ta iya fita tsinkar ganye. Ta ce ita ba za ta je hannu rabbana ba, gara ta zauna a gida. Na ce wannan kuma aikina ne. Na bi bakin kogi da hotunan ganyayen da ta nuna min, na sha ƙaiƙayi, na tsinko na ajiye a bokiti cikin kicin.

Na manta da Inna, mahaifiyata, da ta zo daga Zariya ganin likitan gwiwa. Inna ba ta iya ganin ganye a zaune. Da safe na tarar ta tsige shi tas, ta wanke, ta yanka, karan yana cikin shara.

"Wace irin ƙazanta ce wannan, ki bar ganye ya kwana ba gyara?" ta ce. "Ɗaci ma gare shi."

Raina ya ɓaci. "Inna, ba na miya ba ne! Na cocin Kaka ne. Ga shi na kira motar haya, yanzu za ta iso."

Na yi mata bayani, ta saurara. Can ta ɗauki wuƙa ta nufi baranda, inda tukwanenta suke: yakuwa, daddoya da na'a-na'a da take ta lallaɓawa tun zuwanta, ko jikokinta ba ta bari su taɓa. Ta yanke su daga tushe, ta ɗaure da zare.

"Ɗauko min mayafina," ta ce. "Ni na yi ɓarnar, da ni za a je."

Kaka ta yi dariya har da hawaye da ta ji abin da ya faru. Ta shinshina damin, ta ce in ban da na'a-na'a ba ta san ko ɗaya a ciki ba. Amma ta rungume shi ta shiga mota.

Cocin ɗan ƙarami ne a tsakiyar gonaki, bai kai masallacin unguwarmu girma ba. Na kai Kaka har ƙofa, na dawo muka zauna da Inna a kan benci. Muna jin waƙar tsofaffi daga ciki, muryoyi kaɗan, suna yi suna hutawa. Inna tana jan carbi, amma idonta na kan ƙofar. Ranar na gode wa Allah da ya haɗa ni da matan nan biyu.

Da aka tashi, Kaka ta fito tana dogara sanda. Inna ta miƙe da sauri, ta manta da ciwon gwiwarta.

"Tambaye ta," ta ce. "Sun karɓa? Ba su ce ganyen baƙi ba ne?"

Kafin in buɗe baki, Kaka ta kama hannun Inna ta ɗora a kan yakuwar. A jiƙe take da ruwan albarkar da fada ya yayyafa.