Kular da na sauke wa Lawali a tashar Mafara

Ban yi daidai ba, kuma shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Lawali ban taɓa faɗa a fili ba sai yau.

Ni direba ne, Talata Mafara zuwa Sakkwato. Shi kuwa ma'aikacin ɗakin gwaji ne a asibiti. Duk lokacin da amai da gudawa suka shigo wa yara, sai ya hau babur ya bi Bakura da ƙauyukan Maradun yana karɓar bayan gidansu a ƙananan robobi. Ya ce gwajin da suke da shi yakan nuna babu komai alhali yaro na zubewa, domin ƙwayar cutar, wato bairus, yana sauya kama. Sai a Sakkwato ake da na'urar da ke karanta ƙwayoyin halittarsa, ta gane shi ko ya sauya.

Ni abin da na ji kawai shi ne dariyar 'yan tasha. Suna ce mini yayan mai kwasar kashi.

Wata safiya ya kawo kula cike da ƙanƙara da robobin, ya sa a but ɗin motata. Na sauke ta ƙasa.

“Yaya, in ƙanƙarar ga ta narke, aikin ya lalace.”

“Najasa za ka ɗora min kusa da buhun geron mutane? A motar nan nake ajiye dardumata.”

Na tayar na tafi. Sauran direbobi suka bi sahuna, babu wanda ya ɗauka har rana ta take. Bayan gidan yaran garin Faru ne a ciki, iyayensu sun yarda da shi sun ba shi. Bai taɓa yi mini gori ba har Allah ya karɓi ransa.

Bana jikata Nana ta kwanta da amai da gudawa, idanunta suka faɗa. Na sayo ƙwayoyi a kemis zan ɗura mata. Rabi, 'yar Lawali, wadda ta gaji aikinsa, ta riƙe hannuna ta ce a jira. Ta ba da ruwan gishiri da sukari, ta aika samfur. Sakamako ya ce bairus ne, sabon nau'i, ba kwalara ba, ƙwayoyina ba za su taɓa shi ba. Aka ci gaba da ruwa, aka gargaɗi unguwa kan wanke hannu da sabulu. Nana tana makaranta yanzu.

Da Lawali zai leƙo yau, zai ga mata na kawo robar da kansu, direbobi na rige-rigen ɗauka ba tare da toshe hanci ba. Ina jin dariya zai yi, irin tasa marar sauti. Shi ya yi nasara, ko da bai gani ba.

Ranar Juma'a na je gidansa, na tarar da Rabi da mahaifiyarta a tsakar gida. Na cire hula na durƙusa.

“Subhanallahi, Baba, tashi! Mi ya faru?”

“Na tozarta ubanki gaban mutane a kan gaskiyarsa. Ba ya nan in roƙe shi. Ku da kuka rage, ku yafe mini.”