Fadan da Iƙama Ta Mayar Makanike

Lokacin da nake tuƙa motar wani kamfanin gine-gine na Turawa a Abhur, gefen birnin Jidda, an taɓa aike ni tashar jirgin ruwa in ɗauko sabon makanike. Na tarar da dattijon Bature cikin farar riga, gemu har ƙirji, ga ƙaton carbi. Yana shiga mota ya ce, "Sannu da aiki, ina gajiya?" Saura kaɗan in afka wa jakin mai ruwa.

Ashe fada ne, limamin Kirista. Ma'aikatan kamfanin ne suka matsa a kawo mai yi musu addu'a, kuma tunda ba a ba fada iƙama, wato takardar izinin zama, a Jidda, kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya rubuta makanike. Mutumin da ko sifana bai iya riƙewa ba.

A hanya ya ba ni tarihin ƙungiyarsu. Wani babban limaminsu ne ya kafa ta tun zamanin kakanni, don kai addininsu Afirka. Dokarsu ka koyi harshen mutane, ka ci abincinsu, ka sa tufafinsu, aure kuwa babu. Shi ƙasar Hausa aka tura shi, har ya yi furfura a can.

Na ce, "Ka samu mabiya?"

Ya ce, "Su sun samu rijiya da ɗakin shan magani. Ni na samu Hausa da zazzaɓi."

Kwaɗayin tuwo ya sa ya roƙe ni in kai shi gidanmu a unguwar Hindawiyya. Maƙwabta suka rabu biyu. Waɗanda suka ga gemu da carbi suka ce shehi ne daga Sham, suka turo yara ya yi musu tofi. Waɗanda suka ji makanike ne suka jibge masa matattun rediyoyi.

Surukina, malamin unguwa, shi ya gano fada ne, ya kuma ci alwashin musuluntar da shi. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya zaunar da shi ya yi ta jawo hujjoji. Fada kuwa an gargaɗe shi kada ya kuskura ya yi wa'azi, don haka sai gyaɗa kai da loma.

Surukina kan raɗa mini, "Ya kusa. Yalla, maza a ƙaro masa miya."

In mun shiga mota fada ya ce, "Surukinka ya kusa. Ka ji yadda yake son Annabi Isa?"

Ni dai tuƙina nake yi.

Abin ya ƙare ranar da motar wani jami'in gwamnati ta mutu a ƙofar kamfani, aka ce a kira makanike. Fada ya zo, ya kasa buɗe bonet, ya tsaya yana shafa ta kamar mai duba maras lafiya. Kafili ya tsorata ya ce halas, shi ke nan, a mayar da shi ƙasarsu.

Mun raka shi tasha, tsofaffin biyu suka rungume juna suna hawaye. Har surukina ya rasu yana cewa da an bar masa shi zuwa azumi, da an gama.