Tabon da Kawu Ya Bari a Ƙofa

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Gobe wani mutumin Illela zai zo sayen motata. Ina cikin wanke ta na buɗe ƙofar baya, sai idona ya faɗa kan tabon Kawu.

Kawu, yayan mahaifiyata, mai fentin mota ne a Konni. Shekarar da na daki gada a hanyar Tsarnawa, shi ya gyara ƙofar nan. Har yau ina jin warin fentin rumfarsa. Yana ɗiga rawaya cikin fari, ya shafa a marfin gwangwani, ya fita rana ya kara da jikin motar, ya yi tsaki, ya koma. Da ya gama, ni kaina na kasa gane inda ta bugu. Amma daga cikin ƙofar ya bar wuri kamar faɗin babban yatsa, toka-toka, bai fesa ba.

Na ce, "Kawu, ka manta nan."

Ya ce, "Ban manta ba, ɗana. Wanga na mai saye ne. In ya tambaya, ka nuna mashi."

Ɗazu mai fentin unguwarmu ya ce zai rufe tabon kafin la'asar, ba mai sani. Na je har bakin garejinsa, na juyo. Na koma, na sake juyowa.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni kuma ya ba ni ƙarfin buɗe ƙofar nan gobe, tun mutumin bai tambaya ba.