Gyaran da Ba-Musu Ya Zaɓa

Ba-Musu ma'aikata ke kiransa, amma a bayan idonsa. Kafinta ne da ya fara da zarto ɗaya da benci a ƙarƙashin rumfar kwano, shi da ƙanensa. Shi ke yanka yana haɗawa, ƙanen na sassaƙa. Kafin furfura ta gama cin kansa, rumfa ta zama kamfani: injina, motar kai kaya, ma'aikata cike da fili. Hannunsa na da albarka, bakinsa ne ba linzami. Idan ƙafar kujera ta karkace, a gaban kowa zai ɗaga ta ya tambayi mai aikin ko da ido a rufe ya auna.

Sai ƙwararrun kafintoci suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Aiki na makara, masu saye na ƙorafi. Babbar 'yarsa, wadda ke riƙe da ofis, ta matsa a nemi taimako daga waje, ta kawo masa mutum biyu ya zaɓa.

Ta farko mace ce mai horar da shugabannin kamfanoni. Ta zauna, ta ce, "Baba, ni ba ruwana da injinanka. Da kai zan zauna. In yi tambaya, kai ka nemo amsa. Abin yana ɗaukar watanni."

"Wace irin tambaya?"

"Misali, wanda ya bar aiki kwanan nan, ka tambaye shi dalili?"

Ya ji tambayar har ƙashinsa. Ya miƙe ya ce yana da aiki.

Na biyu saurayi ne mai kwat da kwamfuta, mai ba kamfanoni shawara. Shi cewa ya yi zai duba ko'ina, ya gano inda ke yoyo, ya faɗi yadda za a toshe.

"Wannan shi ne ma'aikaci," in ji Ba-Musu. "Waccan so take ta mayar da ni ɗan aji ɗaya."

'Yar ta ce, "Baba, mutanen nan ba injin suke gudu ba."

"To wa suke gudu?"

Ta sunkuyar da kai, ta tattara takardunta.

Mai kwat ya yi makonni yana zagaye, yana toshe hanci saboda garin katako. Bai yi ƙarya ba, bai yi ha'inci ba. Ya ce a ɗauko manaja, a raba aiki sashe-sashe, a sayi injin da ke fitar da zane da kansa. Sashen sassaƙar hannu kuwa, ya ce shi ke jan kamfanin baya, a rufe.

Sashen ƙanensa ke nan.

Ba-Musu ya kwana biyu yana juya maganar. Amma shi ya zaɓi mutumin a gaban kowa, shi ya yabe shi, kuma bai taɓa janye magana ba a rayuwarsa. Ya sami ƙanen yana fitar da zanen ganye a jikin allon gado, ya faɗa masa a tsaye cewa za a rufe sashen. Ya ƙara da cewa za a ba shi kujera a ofis.

Ƙanen ya hure garin katakon da ke kan aikin. "Yaya, ni na yi kama da mai zaman ofis?" Ya naɗe kayan sassaƙarsa a tsumma ya fita. Allon gadon ya zauna a jingine, rabi ganye, rabi fili, har aka gaji aka kai shi sito.

Kamfani kuwa ya gyaru, wannan ne abin da ya fi ci masa rai. Kaya na fita a kan lokaci. Manaja mutum ne mai sanyin baki, ma'aikata suka daina tafiya. Aka gina wa Ba-Musu ofis na gilashi a sama, aka rubuta Shugaba a ƙofa. Daga nan yana hango kowa, ba ya jin ƙanshin katako, sai sanyin na'ura da ke sa masa ciwon gwiwa. Ƙanen ya kama ɗan shago a bayan kasuwa. In sun haɗu a gidan 'yan uwa, yakan gaishe shi da ladabi ya koma can gefe.

Wata safiya Ba-Musu ya sauko, ya ga wani sabon ma'aikaci yana ɗaure ƙafar tebur. Ya tsaya a kansa.

"Kai, wannan kusurwar ba ta zauna ba. Kwance ta."

Mutumin ya cire abin toshe kunne, ya dube shi sama da ƙasa, ba raini, ba tsoro.

"Sannu, Baba. Masu saye ba sa shigowa nan. Ka bi ta waccan ƙofar, za a nuna maka kaya."

Ba-Musu ya juya. Ya bi ta ƙofar da aka nuna masa.